Karon Mota da Jirgi a Mahaɗun Layukan Dogo na Tarihi: Nazari a kan Layin Romney, Hythe da Dymchurch na Ingila

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci haɗurran da ke aukuwa a inda hanyar mota ta ratsa layin dogo na tarihi, wato layukan da ake riƙe da su don adana tsofaffin jirage da kuma yawon buɗe ido. An ɗauki ƙasar Birtaniya a matsayin farfajiyar nazari, aka zurfafa a kan layin Romney, Hythe da Dymchurch, inda direbobin jirgi biyu suka rasa rayukansu a 2003 da 2005. Maƙalar ta gano cewa tafiyar hawainiyar da waɗannan jirage ke yi ba ta ba da kariyar da ake zato, kuma a kan siraran layuka haɗarin ya fi faɗa wa direban jirgi. Ta kuma nuna cewa gargaɗin da ya dogara kacokan ga idon mai mota bai wadatar ba, sai an haɗa da shingen da zai tare hanya, kuma an raba nauyin kuɗinsa tsakanin masu layi da hukumomin tituna.

1.0 Gabatarwa

Layin dogo yanki ne da aka killace. Masu shi ne ke horar da direbobi, su duba birki, su tsara sigina, su hukunta ma'aikacin da ya saɓa ƙa'ida. Wuri ɗaya ne ikon nan nasu ke yankewa: inda titi ya ratsa layi a bisa doron ƙasa ɗaya, babu gada babu hanyar ƙarƙashi. A nan lafiyar fasinjoji da ma'aikata takan koma hannun mutumin da bai taɓa karanta littafin dokokin jirgi ba, wataƙila ma yau ya fara bin hanyar.

An yi rubuce-rubuce da yawa a kan mahaɗun manyan layuka, inda jirage ke gudun kilomita 160 ko fiye a awa. Layukan tarihi kuwa ba kasafai ake kawo su cikin wannan zance ba, domin ana ganin jirgin da ba ya wuce kilomita 40 a awa ba abin tsoro ba ne. Wannan zato shi maƙalar ta sa a ma'auni. Tambayoyinta uku ne: me ya sa ake ci gaba da karo duk da ƙarancin gudu, wa ya fi cutuwa idan an yi karon, kuma wane mataki ne ya nuna yana aiki. An dogara ne ga haɗurran da aka rubuta a hukumance, da tarihin dokokin mahaɗu a Birtaniya, da kuma ɗan lissafin nisan tsayawa.

2.0 Layukan Tarihi da Dokar da Ke Kansu

A 1951 ne wasu 'yan sa kai, ciki har da marubuci Tom Rolt, suka karɓi layin Talyllyn da ke Wales suka ci gaba da gudanar da shi, ya zama layin dogo na farko a duniya da aka ceto ta wannan hanya. A 1960 layin Bluebell da ke Sussex ya fara jigilar fasinjoji a kan dogo mai cikakken faɗi. Rahoton Beeching na 1963 ya jawo rufe dubban kilomitoci na ƙananan layuka, ƙungiyoyin masu sha'awa kuma suka riƙa sayen guntayen da aka yasar. Yau akwai irin waɗannan layuka sama da 100 a Birtaniya, mafi yawan ma'aikatansu 'yan sa kai ne, kuɗin shigarsu kuma daga tikitin 'yan yawon buɗe ido da gudummawa yake fitowa.

Kasancewarsu na tarihi bai ɗauke musu doka ba. Dokar lafiya da kariya a wurin aiki ta 1974 ta hau kansu, hukumar ORR mai sa ido kan layukan dogo da manyan tituna tana duba su, hukumar RAIB mai binciken haɗurran jirgi, wadda ta fara aiki a 2005, tana bincikar abin da ya faru a kansu ba tare da ɗora laifi a kan kowa ba. Dokar mahaɗu ta 1983 ta ba da damar fitar da umarni na musamman ga kowace mahaɗa ta jama'a, wanda ke fayyace irin fitila, alama ko shingen da za a sa. Sassaucin da suka samu shi ne na ƙarancin gudu: galibinsu an ƙayyade musu mil 25, kimanin kilomita 40, a awa, saboda haka ba a tilasta musu wasu na'urori masu tsada na manyan layuka ba.

3.0 Ire-iren Mahaɗu

Ana iya kasa mahaɗun waɗannan layuka gida huɗu. Na farko shi ne mai ƙyaure, inda mai gadi ko wani daga ma'aikatan jirgin ke sauka ya rufe titi kafin jirgi ya wuce. Wannan shi ne tsohon tsari, shi 'yan kallo suka fi son gani, kuma yana da aminci ga mai mota, sai dai yana cin ma'aikata. Na biyu shi ne mai sandar shinge da ke sauka da kanta idan jirgi ya taho. Na uku buɗaɗɗiyar mahaɗa ce mai fitila da ƙararrawa amma babu shinge: fitila mai ruwan ɗorawa ta fara kamawa na ɗan lokaci, sannan jajayen fitilu biyu su riƙa ƙyaftawa, direban jirgi kuma ya ga wata farar fitila da ke tabbatar masa na titi sun kama. Na huɗu shi ne mahaɗar gona ko ta masu gida, inda mai wucewa da kansa zai buɗe ƙyaure, ya duba hagu da dama, ko ya buga waya, sannan ya tsallaka.

Tarihin manyan layuka ya riga ya nuna raunin wasu daga cikin waɗannan. A Hixon, ranar 6 ga Janairu 1968, jirgi ya daki wata doguwar mota mai ɗauke da taransifoma mai nauyin tan 120, mutum 11 suka mutu. Gargaɗin daƙiƙa 24 da na'urar ke bayarwa bai ishi motar da ke rarrafe ta gama tsallakawa ba. A Lockington, a Yulin 1986, wata ƙaramar motar kaya ta shiga buɗaɗɗiyar mahaɗa fitilu na ci, mutum 9 suka mutu, kuma rahoton Stott da ya biyo baya ya sa aka taƙaita inda za a yarda da irin wannan mahaɗa. A Halkirk ta Scotland, a Satumbar 2009, mutum 3 da ke cikin mota suka mutu a wata buɗaɗɗiyar mahaɗar, daga baya kamfanin Network Rail ya bi da yawa daga cikinsu yana ƙara musu shinge. Saƙon Lockington da Halkirk ɗaya ne: fitila tana faɗa ne kawai, ba ta hanawa.

4.0 Layin Romney, Hythe da Dymchurch

An buɗe wannan layi a 1927 a gaɓar tekun yankin Kent. Tsawonsa mil 13 da rabi, kimanin kilomita 22, daga Hythe zuwa Dungeness. Faɗin dogonsa inci 15 ne kacal, wato milimita 381, alhali na manyan layuka 1,435 ne. Kyaftin J. E. P. Howey ne ya gina shi, injiniya Henry Greenly kuma ya zana kawunan jiragensa masu aiki da tururi a kan kusan kashi ɗaya bisa uku na girman manyan jirage. Duk da ƙanƙantarsa ba wasan yara ba ne, domin yana da jadawali, kuma ya shafe shekaru yana kai ɗalibai makaranta. Layin ya ratsa titunan jama'a a wurare 13, kuma kafin haɗurran 2003 da 2005 an kare su ne da fitila da ƙararrawa ba tare da shinge ba.

A 1973 wata motar sata ta afka wa jirgi a wata mahaɗa a Dymchurch, direban jirgin ya mutu. Ranar 3 ga Agusta 2003 wata mota ta shiga mahaɗar titin Burmarsh duk da fitilun gargaɗi, ta yi karo da kan jirgi mai suna Hercules, ya kauce daga kan layi, direbansa ya mutu. Ba a cika shekara biyu ba, ranar 10 ga Yuli 2005, aka sake yin irinsa a titin Battery kusa da Dungeness da kan jirgi mai suna Hurricane, matar da ke tuƙa shi ta mutu. A duka biyun masu motar sun tsira da ransu, kuma laifin da aka tabbatar musu a kotu shi ne tuƙi ba tare da kula ba. Bayan nan ne kamfanin ya shiga aikin sa sandunan shinge, ya fara da wuraren da aka yi asarar rai, sannan ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya gwargwadon kuɗin da ya samu.

Sai dai shinge a titunan jama'a bai rufe ƙofar haɗari gaba ɗaya ba. A Satumbar 2016 wata tarakta ta shiga gaban jirgi a wata mahaɗar gona, kan jirgi mai suna Green Goddess ya kife a gefe. Ba a rasa rai ba, amma lamarin ya nuna cewa da aka toshe babbar kafa, ƙananan ne suka rage.

5.0 Musabbaban Haɗurran

5.1 Birki da Nisan Tsayawa

Ƙafar jirgi ƙarfe ce a kan ƙarfe, ba ta kama dogo yadda taya ke kama kwalta. Jirgin da ke gudun kilomita 40 a awa yana cin mita 11 a kowace daƙiƙa. Idan muka ƙaddara birkinsa na rage masa gudu da mita 0.7 a kowace daƙiƙa, zai yi kimanin daƙiƙa 16 da tafiyar kusan mita 90 kafin ya tsaya cak. Motar da ke wannan gudu a busasshiyar kwalta ba ta buƙatar fiye da mita 10 daga lokacin da birki ya kama. Ruwan sama, raɓa ko ganyen da ya zuba a kan dogo suna ƙara wa jirgi nisan.

Akwai wani lissafin da ya fi wannan muhimmanci. Tsarin buɗaɗɗiyar mahaɗa ya ɗora wa direban jirgi ya tabbatar babu komai a kan layi kafin ya shiga. Wannan yana maganin motar da ta mutu a tsakiyar dogo. Ba ya maganin motar da ba ta riga ta iso ba. A titunan karkarar Ingila doka ta yarda da gudun mil 60 a awa, kusan mita 27 a daƙiƙa. Motar da za ta daki jirgi nan da daƙiƙa 5 tana can nesa da fiye da mita 130, wataƙila a bayan kwana ko shingen itatuwa, a daidai lokacin da direban jirgi ya ga hanya fayau. Ko da ya hango ta, ba shi da sitiyarin kaucewa. Rage gudun jirgi yana rage ƙarfin dukan da jirgi zai yi wa mota, amma ba ya rage na motar da ta daki jirgi a haƙarƙari.

5.2 Nauyi

A kan babban layi, kan jirgi mai tan 80 ko 100 idan ya haɗu da mota mai tan ɗaya da rabi, mutanen cikin motar ne a bakin mutuwa. A kan siririn layi lissafin ya juya. Kan jirgin Romney bai kai tan 10 ba, yana tsaye ne a kan dogo biyu da tazararsu ba ta kai rabin mita ba, saboda haka dukan gefe yana iya ture shi. Direban yana zaune a buɗaɗɗen wuri, kusa da ƙasa, ga tukunyar tururi da wuta a gabansa, babu bel babu jakar iska. Mai motar zamani kuwa yana cikin akwatin da aka ƙera musamman don shanye duka. Wannan ne ya bayyana abin da ya faru a 2003 da 2005: wanda ya keta gargaɗi ya tsira da ransa, wanda ya bi ƙa'ida aka ɗauki gawarsa. Haka kuma motocin yau sun fi na shekarar 1927 nauyi, gudu da yawa, alhali jirgin yana nan yadda aka ƙera shi.

5.3 Sabo da Raini

Layukan tarihi ba kullum suke aiki ba. Wasu sai ƙarshen mako, wasu kan rufe a hunturu. Mazaunin unguwa da ya tsallaka dogo sau ɗaruruwa bai ga jirgi ba, idonsa yakan daina neman jirgi. Sabo turken wawa. Baƙo kuma, wanda yawon buɗe ido ya kawo, hankalinsa na kan na'urar nuna hanya, bai san da layi a wurin ba. Ga kuma raini: wanda ya ɗauki jirgin a matsayin abin wasa yakan ɗauki jar fitilarsa a matsayin shawara, ya ce bari in yi wuf in wuce. Masanin halayyar gani Herschel Leibowitz ya kawo hujja a 1985 cewa ido yakan raina gudun babban abu, wanda hakan ke sa masu mota kuskuren auna isowar jirgi. A kan siraran layuka ana iya hasashen wani kuskuren daban, wato ƙanƙantar jirgin ta sa a zaci yana nesa. Wannan hasashe ne da ya cancanci a gwada shi da bincike.

5.4 Gani da Ji

Rana idan ta yi ƙasa da safe ko da yamma takan dusashe jar fitila. Ciyayi da itatuwa sukan rufe alama ko su rage nisan hango. Motar zamani da gilashi a rufe da kiɗa a ciki takan hana jin usur. A ɓangaren jirgi kuma, doguwar tukunyar kan jirgin tururi tana kare wa direba ɓangare ɗaya na hanya, sai ya dogara ga mai zuba kwal ya duba masa. A ƙananan jirage da mutum ɗaya ke tuƙawa babu wannan ido na biyu.

6.0 Nauyin Wa?

Tun ƙarni na 19 dokar Birtaniya ta ɗora kare mahaɗa a wuyan kamfanin jirgi, domin a lokacin shi ne baƙon da ya zo ya yanke hanyar karusa. Yau al'amarin ya sauya. Jiragen layin tarihi ba su ƙaru ba, amma rukunin gidaje da wuraren shaƙatawa sun mayar da tsohuwar hanyar gona ta zama titi mai cunkoso. Wanda ya ba da izinin gina gidajen daban, wanda ya ci ribarsu daban, amma ƙungiyar 'yan sa kai ce za ta nemo kuɗin shinge da na kula da shi duk shekara. Hukumomin gyaran doka na Ingila da Scotland sun fitar da rahoto a 2013 suna neman a sabunta dokokin mahaɗu, ciki har da tilasta haɗin kai tsakanin masu layi da hukumomin tituna, amma ba a mayar da shi doka ba.

Matsalar takan fi fitowa fili idan layi na son faɗaɗa. Manufar ORR ita ce kada a buɗe sabuwar mahaɗa sai bisa wani dalili na musamman. Layin Rother Valley, da ke son haɗa Robertsbridge da Bodiam, ya sha doguwar muhawara da zaman sauraron jama'a kan ratsa babban titin A21 kafin gwamnati ta amince a 2023. Haɗari ɗaya kuma yana iya taɓa abin da layi ke taƙama da shi. A Ostireliya, bayan wata ƙaramar bas ta daki jirgin Puffing Billy a Menzies Creek a Maris 2018, an dakatar da daɗaɗɗiyar al'adar fasinjoji ta zama a taga da ƙafafu a waje, ba a dawo da ita ba sai 2022.

Akwai masu cewa sandar zamani da fitilun lantarki suna ɓata kamannin da ake zuwa kallo. Maganarsu tana da tushe, domin kamannin shi ne hajar da layin ke sayarwa. Amsar ita ce tasha da tarago da tufafin ma'aikata duk za su iya zama a shekarar 1930, amma titin da ya ratsa layin na yau ne, saboda haka kariyarsa ma dole ta zama ta yau. Inda ake da isassun hannaye, tsohon ƙyaure da mai gadi ya haɗa kamanni da aminci a lokaci ɗaya. Abin da bai kamata a riƙe da sunan tarihi ba shi ne buɗaɗɗiyar mahaɗa a titi mai zirga-zirga.

7.0 Inda Zancen Ya Shafe Mu

Nijeriya ba ta da irin waɗannan layuka na 'yan sa kai, amma tana da babban musabbabin da aka tattauna a 5.3, wato jirgin da ba a saba gani ba. Tsohon layin da ya iso Kano a 1911 da rassansa sun yi shekaru jirgi na bi jefi-jefi ko ba ya bi sam, har kasuwanni da tashoshin mota suka mamaye bakin dogo. Duk ranar da aka farfaɗo da irin wannan layi, jirgi zai tarar da jama'ar da suka manta da shi. Haɗarin Ikeja na 9 ga Maris 2023, inda jirgi ya daki bas ɗin ma'aikatan gwamnatin Legas aka rasa rayuka, ya nuna abin da ke faruwa idan gargaɗi bai tare hanya ba. Darasin Romney a nan shi ne a gyara mahaɗa kafin a saki jirgi.

8.0 Shawarwari

Na ɗaya, a auna haɗarin kowace mahaɗa daban, a kuma sake aunawa duk lokacin da aka yi sabon gini ko zirga-zirga ta ƙaru. Na biyu, a sa shinge ko ƙyaure a duk titin jama'a mai yawan motoci. Inda kuɗi bai kai ba, jirgi ya tsaya cak, mai tuta ya tare titi, sannan a wuce. Na uku, hukumar titi ta rage gudun mota tun kafin mahaɗa, ta hanyar alama, gargada da sare ciyayi, kuma wanda ya gina gidajen da suka ƙara cunkoso ya biya kasonsa. Na huɗu, a rufe ko a haɗe mahaɗun gona da ba a cika amfani da su ba, a riƙa tuntuɓar manoma da 'yan kwangilarsu kafin lokacin girbi. Na biyar, a riƙa rubuta duk karon da aka tsallake rijiya da baya, a raba bayanan tsakanin layuka, domin layi ɗaya ba ya tara isassun alƙaluman da zai gane inda matsala take.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa ƙayyade gudu zuwa kilomita 40 a awa yana kare fasinja daga haɗurran cikin layi, amma ba ya kare jirgi daga motar da ta keta gargaɗi, domin lokacin da direban jirgi zai yanke shawara motar ba ta ma bayyana ba. Ta nuna cewa a siraran layuka ma'aikacin jirgi ne ya fi kowa shiga haɗari, kamar yadda mutuwar direbobi uku a layin Romney tsakanin 1973 da 2005 ta tabbatar. Ta kuma nuna cewa matakin da manyan layuka da ƙanana suka koma gare shi bayan asarar rai iri ɗaya ne, wato tare hanya da shinge. Abin da ya rage a warware shi ne kuɗi. Muddin dokar ta bar nauyin a wuyan ƙungiyar da ke rayuwa da kuɗin tikiti, alhali ƙaruwar haɗarin daga titi take zuwa, za a ci gaba da sa shinge ne a inda aka riga aka yi asara. Bincike na gaba ya kamata ya duba yadda za a raba wannan nauyi a doka, da kuma yadda idon mai mota ke auna nisan ƙaramin jirgi.